Shin Ko Kun San? Nauyin da Doka Ta Yarda Gatarin Babbar Mota Ya Ɗauka

Shin ko kun san cewa kwalta ba ruwanta da jimillar nauyin tirela? Abin da ta sani shi ne nauyin da ya sauka a kanta ta kowane gatari, wato ƙarfen nan da ya ratsa ƙarƙashin mota yana riƙe da tayoyin dama da na hagu. Mota mai tan 40 a kan gatura shida ta fi sassauta wa hanya a kan mai tan 30 da ke kan gatura uku. Shi ya sa dokar lodi take zuwa da iyaka biyu: akwai ta kowane gatari, akwai ta motar baki ɗaya. Direba na iya tsallake ta biyun, ta farkon ta kama shi.

Ko kun san cewa in aka ninka nauyin da ke kan gatari sau biyu, ɓarnar da yake yi wa hanya tana ninkuwa kusan sau 16? Wannan lissafi ya fito ne daga wani gwaji da aka yi kusa da garin Ottawa na jihar Illinois a Amurka, daga 1958 zuwa 1960. Ƙungiyar jami'an manyan hanyoyi ta jihohin ƙasar, AASHO, ta gina da'irori shida na hanya, wani wuri kwalta, wani wuri kankare, kowane yanki da kaurinsa. Aka bar da'ira ɗaya babu mota don a ga abin da yanayi kaɗai zai yi mata. Sauran biyar kuwa aka sa sojoji suna zagaya su da manyan motoci masu lodin da aka auna, har shekara biyu. Duk yankin da ya kai ƙarshen gwajin, gatari ya taka shi fiye da sau miliyan ɗaya. Aikin ya ci dala miliyan 27 na wancan zamani, kuma har gobe injiniyoyin hanya a duniya suna cin moriyarsa.

Abin da suka gano ke nan: ka duba sau nawa nauyin ya ninku, sai ka buga wannan adadi da kansa har sau huɗu. Ƙarin kashi 10 cikin ɗari a kan gatari yana ƙara ɓarna da kusan rabi. Ƙarin kashi 20 yana ninka ta biyu. Ƙarin kashi 50 yana ninka ta biyar. Injiniyoyi sun san adadin yana ɗan hawa da sauka gwargwadon kaurin kwalta da irin ƙasar da ke ƙarƙashinta, amma babu mai musun inda lissafin ya dosa. A ganina wannan shi ne abin da ya kamata a liƙa a bangon kowace tashar manyan motoci, domin mai mota yana lissafin ribarsa buhu-buhu, hanya kuwa tana biyan nata kason ninki-ninki.

Shin ko kun san cewa ba da shekaru ake auna ran hanya ba tun a takarda? Mai zana hanya yana ƙiyasta yawan gaturan da za su bi ta, ya mayar da su duka zuwa ma'auni guda, gatari mai tan 8.2, sannan ya yanke kaurin marmara da tsakuwa da kwaltar da za su iya jure wannan adadi. Duk gatarin da ya wuce, kwalta takan ɗan lanƙwasa ta dawo, kamar wayar ƙarfe da ake ta lanƙwasawa ana miƙewa har ta karye. In an zana hanya ta yi shekara 20, sai motocin da ke binta suka riƙa ɗaukar ƙarin kashi 50, to a lissafi shekara huɗu za ta yi ta cinye rabonta. Wannan bai wanke ɗan kwangilar da ya yi aikin ha'inci ba. Amma ko aikin ƙwarai ne, haka zai ƙare.

A 1979 ofishin binciken kuɗin gwamnati na majalisar dokokin Amurka ya fitar da rahoto cewa tirela ɗaya mai gatura biyar, cike da lodin da doka ta yarda da shi, tana yi wa kwalta ɓarnar ƙananan motoci 9,600. Ku lura, wannan mai bin doka ce.

To nawa ne iyakar a yankinmu? Ko kun san tun 1982 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu a Kwatano kan yarjejeniyar sufurin mota tsakaninsu, wadda ta tsayar da tan 11.5 ga gatari? Daga baya, ranar 16 ga Disamba 2005, ƙasashe takwas masu kuɗin sefa na ƙungiyar UEMOA, ciki har da Nijar, suka amince a Bamako da ƙa'idar da direbobin can suka sani da lamba 14. Ita ce ta fayyace komai dalla-dalla. Gatarin gaba mai sitiyari tan 6. Gatarin baya guda ɗaya mai taya ɗaiɗai tan 11.5, mai taya bibbiyu tan 12. Gatura biyu a jere, daga tan 11.5 zuwa 20, gwargwadon tazarar da ke tsakaninsu. Gatura uku a jere, tan 21 ko 25. Daga nan ne jimillar ke fitowa: mota mai gatura biyu tan 18, mai uku tan 26, tirela mai gatura shida tan 51. Kuma wannan nauyi ya haɗa da motar kanta, da man da ke tankinta, da duk wanda ke cikinta. Faɗin mota kada ya wuce mita 2.55, tsayinta sama kada ya wuce mita 4.

A Fabrairun 2012 ECOWAS ta yi tata dokar a kan wannan turba, don Najeriya da Gana da sauran ƙasashen da ba sa kashe sefa su shigo layi ɗaya. Najeriya ta fitar da nata ƙa'idojin a 2018 ƙarƙashin dokar manyan hanyoyin tarayya, lokacin da Babatunde Fashola ke riƙe da ma'aikatar ayyuka. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, amma tana nan cikin UEMOA, don haka lamba 14 ba ta sauka daga kanta ba.

Shin ko kun san tarar da lamba 14 ta yanka? Sefa 20,000 kan kowane tan da ya wuce iyaka in a cikin gida ake jigilar, sefa 60,000 in tsakanin ƙasa da ƙasa ne. Biyan tara kuma bai ba mota izinin wucewa da kayan ba. Sai an sauke abin da ya yi yawa, kuma mai jigilar ne zai ji da kuɗin saukewa da na ajiya.

Yanzu mu zo ga buhu, tunda da shi ake magana a tasha. Buhun siminti kilo 50 ne. Tirela mai buhu 600 tana ɗauke da tan 30. Mai buhu 900 tana ɗauke da tan 45. Ku ɗora nauyin kan mota da bodinta, wanda ke kai tan 15 ko fiye, sai ku ga mai buhu 900 ta taɓa tan 60. Ko gatura shida gare ta, ta haura iyaka da tan tara ko fiye. In kuwa biyar ne, abin ya fi muni. Haka lissafin yake ga takin zamani da shinkafa da gishiri da sukari, duk masu buhun kilo 50. Masara da gero da dawa da ake lodi a Dawanau a babban buhu mai kilo 100, buhu 300 ne tan 30.

Ko kun san cikar bodi ba ita ce cikar lodi ba? Motar auduga ko ta katifa ko ta robobi sai ta yi tozo har sama ba ta kai iyakar nauyi ba, tsayi ne matsalarta. Motar rodi ko ta tayil ko ta yashi jiƙaƙƙe kuwa tana iya wuce iyaka alhali kayan bai kai rabin bodi ba. Ido ba ya iya wannan hukunci, sai sikeli.

Shirin kaya ma yana da nasa hukunci. In 'yan lodi suka jibge kaya masu nauyi a ƙarshen bodi, gaturan baya za su wuce iyaka, na gaba kuma su yi sako-sako, sitiyari ya daina kama ƙasa yadda ya kamata. In suka tura su gaba, gaturan kan mota ne za su sha. Sau da yawa maganin bai wuce a ja kayan gaba ko baya da mita ɗaya ba. Akwai kuma gatarin nan da ake ɗagewa sama in mota ba ta da kaya, don a huta da cin taya. Wanda ya bar shi a ɗage alhali mota na cike, ya mayar da mai gatura shida mai biyar da hannunsa.

Shin ko kun san nauyin man da tanka ke ɗauka? Litar fetur ba ta cika kilo ba, wajen kashi uku cikin huɗu na kilo ce. Tanka mai lita 33,000 tana ɗauke da kimanin tan 24 na fetur. Mai lita 60,000 tana ɗauke da kimanin tan 45, in kuma dizal ne ya kai tan 50, ban da nauyin motar. Hukumar NMDPRA mai kula da rarraba mai a Najeriya ta hana yi wa tankoki masu lita 60,000 lodi daga 1 ga Maris 2025. Matakin ya biyo bayan jerin haɗurran tankoki, irin na Majiya a jihar Jigawa a Oktoban 2024 da na mahaɗar Dikko a jihar Neja a Janairun 2025, inda rayuka masu yawa suka salwanta. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ga wani abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. An saba a garejinmu a ƙara wa mota ganyen sifirin, a ƙara wa bodi tsawo, a yi wa shasi waldar ƙarin ƙarfe, duk don ta iya ɗaukar abin da ba a ƙera ta dominsa ba. Mota za ta tsaya cak da kayan, har a yaba wa mai walda. Sai dai birkin nan shi ne dai wanda kamfani ya sa, tayoyin ma haka. A gangara mai tsawo birki yakan yi zafi ya daina ci, taya takan yi zafi ta fashe, lodin da ya yi sama kuma shi ke kifar da mota a kwana. Yaron mota da fasinjan da ke zaune a saman kaya su ne farkon masu biya.

Ko kun san ruwa da zafi suna taya lodi aiki? In ruwan damina ya shiga ta tsagar kwalta ya jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashi, ƙarfinta yakan ragu, gatarin da ta jure da rani sai ya farfasa ta. Saboda haka ne a Kamaru da Cadi ake da shingen ruwan sama a hanyoyin da ba kwalta, a tsare manyan motoci sai ƙasa ta tsane. A jihar Michigan ta Amurka, in ƙanƙara ta fara narkewa, akan rage iyakar gatari da kashi 25 a hanyoyin kankare, da kashi 35 a na kwalta, a hanyoyin da dokar ta shafa. Zafin bazara kuwa yana tausasa kwalta, kuma mota mai tafiyar hawainiya ta fi mai gudu lotsa ta. Ku duba hawan tudu, da bakin shingen bincike, da wuraren da tireloli ke kwana irin Tafa da Mararrabar Jos. Nan ne kwalta ke yin kunya-kunya, ga kuma dizal da ke ɗiga yana narkar da ita.

Shin ko kun san gada ba irin lissafin kwalta take yi ba? Ita duk gaturan da suka hau kanta lokaci guda take ji, don haka tazarar da ke tsakaninsu tana da muhimmanci. Amurka tana da lissafi na musamman domin wannan, wanda ya fara aiki a 1975: gajeriyar mota mai gatura a cunkushe ba a yarda ta ɗauki abin da doguwa za ta ɗauka ba, ko da yawan gaturansu ɗaya. Ranar 10 ga Oktoba 2019 wata gadar sama ta kife a birnin Wuxi na ƙasar Sin lokacin da wata tirela mai naɗaɗɗen ƙarfe take kanta, mutum uku suka mutu. Nauyin motar ya haura tan 150, a ƙasar da iyakar mai gatura shida tan 49 ce.

Kowace ƙasa da tata iyaka, gwargwadon yadda ta gina hanyoyinta da gadojinta. A manyan hanyoyin tarayyar Amurka, gatari guda tan 9 da ɗoriya, biyu a jere tan 15.4, jimilla tan 36.3. A 1956 da aka fara sa dokar, adadin bai ma kai haka ba. Tarayyar Turai, bisa dokarta ta 1996, ta sa tan 11.5 ga gatarin da injin ke juyawa, tan 10 ga wanda ake ja, jimilla tan 40 ga motar da ke tsallaka iyaka. Birtaniya ta yarda da tan 44 a kan gatura shida tun 2001. Ƙungiyar ƙasashen Gabashin Afirka ta tsayar da tan 56 a dokarta ta 2016. Kamaru, a dokarta ta 1996 ta kare hanyoyi, ta sa tan 13 ga gatari guda, 21 ga biyu, 27 ga uku, jimilla 50. Direban da ya taso daga Maiduguri zuwa Marwa, ko daga Duwala zuwa Njamena, ya kamata ya san da wannan bambanci kafin ya isa sikeli.

Ko kun san inda aka fi yarda da babban lodi, nan aka fi yawaita gatura? Michigan ta yarda mota ta kai tan 74, amma sai a kan gatura 11. Finlan ta yarda da tan 76 tun 2013, a kan gatura tara. Ku raba ku gani: kowane gatari a can bai kai nauyin da namu ke ɗauka bisa doka ba, balle na mai buhu 900. Mai son ɗaukar kaya da yawa, hanyarsa ita ce ƙara gatura.

Indiya ta bi wata hanya a Yulin 2018. Ta ɗaga iyakar gatari mai taya huɗu daga tan 10.2 zuwa 11.5, ta ɗaga ta mota mai gatura biyu daga tan 16.2 zuwa 18.5.

Shin ko kun san dokar lodi ta girmi mota da fiye da shekara dubu? Kundin dokokin Rumawa da aka tattara a shekara ta 438 a zamanin Sarki Theodosius na Biyu ya ƙayyade kayan amalanken da ke aikin gwamnati: mai ƙafa biyu fam 200 na Rumawa, mai ƙafa huɗu fam 1,000, babban amalanken shanu fam 1,500, wato bai cika rabin tan ba. A Ingila, Sarki James na Ɗaya ya hana ɗora wa amalanke fiye da tan ɗaya. A 1741 aka ba masu kula da hanyoyin biyan kuɗi damar kafa na'urar awon amalanke, a 1753 kuma aka yi dokar da ta ce ƙafar manyan amalanke ta kai faɗin inci 9 don kada ta yanka hanya.

Yau akwai sikelin da ake binnewa a cikin kwalta, yana auna kowane gatari mota na cikin tafiya. Wadda ta bi doka sai ta wuce abinta, wadda ta yi nauyi a karkatar da ita zuwa babban sikeli a tabbatar. Kenya na aiki da irinsa a babbar hanyar da ta taso daga Mombasa, a wurare irin Mariakani da Gilgil. Amfaninsa biyu ne: layi ya ragu, ciniki tsakanin direba da ma'aikaci ya ragu.

Ko kun san lamba 14 ba direba kaɗai ta sa a gaba ba? Ta wajabta wa duk tashar jiragen ruwa, da masana'anta, da ma'adinai, da defon da ke fitar da kaya fiye da tan 200,000 a shekara su mallaki sikeli, kuma kada su bar mota ta fita ƙofarsu da lodin da ya wuce iyaka. A wurina wannan ne sashe mafi hikima a dokar. Direba ba shi ke yanke yawan buhu ba. Mai kaya ne ke son ya biya kuɗin mota ɗaya a madadin biyu, mai mota na tsoron in ya ƙi wani zai karɓa, ɗan kamasho kuma rabonsa na ƙaruwa da ƙaruwar lodi. In aka tare mota a tsakiyar daji bayan ta yi kilomita 500, ɓarnar ta riga ta auku, ga shi babu rumbun ajiya, babu 'yan dako, sai rigima. Amma ƙofofin da manyan kaya ke fitowa ba su da yawa: Apapa, Tin Can, Onne, masana'antun siminti irin na Obajana da Ashaka da Sakkwato, defo-defon mai, da manyan kasuwannin hatsi. Sikeli a waɗannan ƙofofi ya fi shinge ɗari a kan hanya.

Gaskiya ne kuma, in aka tsaurara, kuɗin dako zai tashi da farko, domin kayan tirela biyu zai koma na uku. Wannan ne ya sa ƙasashe ke jan ƙafa, kowace na tsoron 'yan kasuwa su gudu zuwa tashar maƙwabciya mai sassauci. Sai dai kuɗin da ake gudun nan ana biyansa yanzu haka, a wurin bakanike da mai faci, da kwanakin da tumatir da albasa ke yi a hanya suna ruɓewa, da kasafin da ake zubawa ana sake gina hanya ɗaya sau da sau.

Shin ko kun san layin dogo yana ɗaukar nauyin gatarin da kwalta ba za ta taɓa jurewa ba? A Amurka taragon kaya mai gatura huɗu yana kai tan 130, wato fiye da tan 32 ga kowane gatari. A yankin Pilbara na Ostireliya, jiragen da ke jigilar tama suna kai tan 40 ga gatari. Dogo ya iso Kano tun 1911, kuma shi ya yi ta kwashe gyaɗa da fatu zuwa Legas shekara da shekaru. An buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, ta Funtuwa a 2024, duk da nufin kwantena ta riƙa zuwa arewa kai tsaye a yi mata aikin kwastan a nan. Layin Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa kuma tsawonsa kilomita 284 ne, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya.